Darasin Majigi ga Ma'aikatun Sakkwato

A shekarun 1950, da hukumar Jihar Arewa ta so manoma su kyautata noman auduga, sai aka shirya fim mai suna Baban Larai, motocin majigi suka riƙa yawo da shi gari-gari ana haskawa a dandali da dare. An gina shi a kan labari, da harshen masu kallo, game da sana'ar da suka sani. Ma'aikatun birnin Sakkwato da ke ware kuɗi a yau domin shirya bidiyo suna da abin koyo a nan.

Bidiyon ma'aikata iri biyu ne. Akwai na talla, wanda ke nuna wa baƙo ƙimar kamfani, akwai kuma na horo, wanda ke koya wa ma'aikaci aikinsa. Sau da yawa akan cakuɗa su: a ɗauko gini daga sama, shugaba ya yi dogon jawabi da Turanci, a kira abin horo. Amma leburan masana'antar siminti irin ta Kalambaina yana buƙatar ganin yadda ake kashe inji kafin a sa hannu a cikinsa. Mai shara a asibiti irin na koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana buƙatar ganin inda ake jefa allurar da aka yi amfani da ita. Kuskure a nan yana iya cin yatsa, ko rai.

Saboda haka ɗaukar ƙwararru ya dace. Wasu za su ce kowane matashi a ofis yana da waya mai kyamara, don me za a kashe kuɗi? Waya ta wadatar wajen ɗaukar taro. Sai dai bidiyon horo malami ne da zai maimaita darasi ɗaya ga ɗaruruwan mutane, in ya karkace duk su karkace. Abin da ake saya wurin ƙwararre shi ne tsara rubutu mataki-mataki, da tace murya daga ƙarar janareto, da sanin lokacin ɗauka a garin da zafinsa kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, ƙurar hunturu kuma ta dushe hoto.

Ma'aunin farko wajen zaɓe shi ne harshe. Kamfanin da zai rubuta da Turanci a Legas, sannan ya ɗora fassara daga baya, ya bar mai kallo a baya. Basakkwacen da ke cewa “tahi” da “hwaɗi” ya fi sakin jiki da muryar da ta yi kama da ta gida, wani wurin ma sai an haɗa da Fulatanci. Arewa ba ta rasa gwanaye ba: masana'antar finafinan Hausa ta Kano tana aiki tun fitowar Turmin Danya a 1990, a Sakkwato kuma akwai waɗanda suka goge a gidan rediyo da talabijin na Rima da NTA.

Sai yarjejeniya. Ya kamata wanda ke yin aikin da hannunsa ya duba rubutun kafin a kunna kyamara. A yanka bidiyon gajeru-gajeru yadda zai shiga ƙaramar waya. A rubuta cewa ainihin hotunan da aka ɗauka mallakar ma'aikata ne, domin a iya gyara su idan ƙa'ida ta sauya. A nemi yardar duk wanda fuskarsa za ta fito, musamman marasa lafiya, tunda Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2023.

Kafin a biya cikon kuɗi, a nuna wa sababbin ma'aikata goma bidiyon, sannan a ce su yi aikin. Idan suka kasa, a mayar wa kamfanin ya sake.