Wa ya san sunan yanka na kakarsa?



Kwanakin baya na raka ƙanwata awon ciki a wani asibiti a nan Legas. Cikin fari ne. Ma'aikaciyar jinya ta ɗauko kati ta shiga jero tambayoyi: akwai mai hawan jini a danginku? Ciwon suga fa? Akwai wadda ta taɓa jijjiga wajen haihuwa? Tagwaye? Sikila? Na iyayenmu duk mun amsa. Da aka gangaro kan kakanni sai muka fara kallon-kallo. Kakarmu ta wajen uwa ta rasu tun kafin a haife mu, kuma abin da muka tashi muna ji game da ita bai wuce "ta haifi goma sha ɗaya, huɗu suka tsaya" ba. A mota muna komawa gida muka lura cewa ko sunanta na yanka ba mu riƙe ba. Inna ake ce mata, mahaifiyarmu kuwa ba ta taɓa buɗe baki ta faɗi sunan ba saboda kunya. Alkunya abu ne mai kyau, amma ga shi ta ɓoye mana sunan matar da jininta ke yawo a jikinmu.

Na san ba mu kaɗai ba ne. Duk wanda ya tashi a Agege ko Idi-Araba, ko Sabo ta Ibadan, ko Abuja, nesa da tsofaffin gida, ya gwada kansa: ya ƙirga kakanninsa huɗu da sunayensu, da garin da aka haifi kowanne, da abin da ya yi ajalinsa. Kaɗan ne za su kai ƙarshe ba su yi tuntuɓe ba.

Wannan ne ya tuna mini da wani aiki da ake yi a Ingila da Amurka, wanda na daɗe ina sha'awarsa. Mutane ne 'yan sa-kai (ba irin namu masu bindigar toka ba, waɗannan makaminsu tabarau da kwamfuta), da yawansu tsofaffi da suka yi ritaya, suke zama a gidajensu suna kwafe tsofaffin takardun ƙidayar jama'a suna ɗaya bayan ɗaya, ba ko sisi, domin duk mai neman asalinsa ya rubuta suna ya same shi.

Ga dalilin da ya sa ake buƙatarsu. Takardar ƙidaya ta dā da hannu aka cika ta, gida-gida, titi-titi. Ko an ɗauki hotonta an sa a intanet, hoto ne kawai. In ba ka san titin da kakanka ya zauna ba, sai ka buɗe shafi dubu ba ka gan shi ba. Sai wani ya karanta rubutun ya buga sunan da shekarun da sana'ar da garin haihuwa, sannan ake iya bincike.

A Amurka doka ta ce sai bayan shekara 72 ake buɗe takardun ƙidaya ga jama'a. A ranar 2 ga Afrilu 2012 aka buɗe na 1940, mai ɗauke da mutum kusan miliyan 132. Ƙungiyar FamilySearch, wadda cocin Mormon ke gudanarwa daga jihar Utah, ta haɗa kai da wasu ta yi kiran masu taimako. Sama da mutum 160,000 suka amsa, kuma zuwa watan Agusta na shekarar, cikin wata huɗu ke nan, sun gama. Da aka buɗe na 1950 a watan Afrilun 2022, kwamfuta aka fara ba wa ta karanta rubutun hannun, amma duk da haka sai da aka sake kiran 'yan sa-kai su bi bayanta suna gyara. A Ingila shekara 100 ake jira. Can akwai wani shiri mai suna FreeCEN da aka fara a 1999, wanda masu aikin sa-kai ke kwafe ƙidayoyin ƙarni na 19 suna sa su kyauta ga kowa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ladabin aikin. Ƙa'ida ta farko: rubuta abin da ka gani. Ko ka tabbata malamin ƙidaya ya yi kuskure wajen rubuta suna, ba ruwanka, kwafe shi yadda yake, domin kuskuren ma shaida ce, kuma wataƙila kai ne mai kuskuren. Ta biyu: ido ɗaya ba ya isa. A aikin 1940 mutum biyu ne ke kwafe shafi guda, kowa bai ga na ɗan'uwansa ba. Inda suka saɓa sai na uku ya duba ya raba gardama. Harafin da ya gagari karantawa kuma ba a cike shi da zato, alama ake sa masa a wuce. Kuma sun san halin takardunsu. A ƙidayar Ingila ta 1841, wadda ita ce ta farko da ta rubuta sunan kowa, an umarci malamai su rage shekarun duk wanda ya haura 15 zuwa biyar-biyar, don haka mai 29 sai ka gan shi 25. Wanda bai san wannan ba sai ya rantse ba kakansa ba ne.

To, ina alaƙar wannan da shafin lafiya? Ku dubi ƙidayar Ingila ta 1911. A wannan shekarar maigida ne ya cika takardar gidansa da hannunsa, kuma takardun suna nan har yau. An tambayi kowace matar aure shekara nawa ta yi da aure, 'ya'ya nawa ta haifa da rai, nawa ke raye, nawa suka rasu. Wato daidai lissafin da muke yi wa Inna da baki, su nasu yana rubuce. Wasu iyayen ba su fahimci tambayar ba, sai suka jera har sunayen yaran da suka rasu. Malamin ƙidaya ya ja layi ya soke, amma sunan na karantuwa, kuma ta haka jikoki da yawa suka fara sanin an taɓa haifar waɗannan yaran. Akwai kuma gurbin da ake rubuta makanta ko kurumta ko taɓin hankali. Da aka buɗe takardun a 2009 an rufe wannan gurbin, sai a 2012 da shekara 100 ta cika aka bayyana shi. Wannan ma darasi ne kan sirrin iyali, zan dawo kansa.

Ga baƙaƙen fatar Amurka kuwa maganar ta fi haka nauyi. A ƙidayar 1850 da ta 1860, bayi ba su da suna a takarda. Sunan ubangidansu ake rubutawa, a ƙasa a jera shekaru da jinsi da launi, kamar ana lissafin garke. Sai a 1870, bayan an soke bauta, aka fara rubuta su da sunayensu. Shi ya sa yawancinsu in suna bin salsalarsu, 1870 ce katangar da suke cin karo da ita. Wanda ya zauna ya kwafe shafi ɗaya na wannan shekarar, wataƙila shi ya miƙa wa wani iyali suna mafi tsufa da za su taɓa samu.

Takarda kuma ba ta da tabbas. Gobara ta ci mafi yawan ƙidayar Amurka ta 1890 a birnin Washintan a 1921. Ta Ingila da Wales ta 1931 ta ƙone ƙurmus a 1942, ga shi ba a yi ta 1941 ba saboda yaƙi. A Dublin, rikicin 1922 ya lashe kusan duk ƙidayoyin Ayilan na 1821 zuwa 1851. Can wuta ce. Mu nan gara da ɗigar ruwa da ambaliya da tashi daga gidan haya sun ishe mu.

Mu dawo gida. Kada wani ya karanta wannan ya hau intanet yana neman kakansa a ƙidayar 1931 ko ta 1952. Ƙidayar zamanin Turawa a Arewa ta fi jingina ne da lissafin haraji, kuma abin da ya fito daga ita har zuwa ta 2006 alƙaluma ne, ba jerin sunayen gida-gida da kowa zai buɗe ya bincika ba. Akwai dai wuraren da mai himma zai leƙa: gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, inda rahotannin gundumomi na zamanin En'e suke, da takwarorinsa na Ibadan da Inugu, da Gidan Arewa a Kaduna. Amma gaskiyar magana, mu ƙidayarmu tana cikin gidajenmu ne a warwatse. Tana cikin tsohuwar adaka: fasfon aikin hajji, katin haraji, takardar rabon gado daga kotun alƙali, katin asibiti, takardar sallama daga aikin reluwe ko soja, da ɗan littafin da wani malami a dangi yake rubuta ranakun haihuwa da rasuwa da ajami. Sauran kuma tana cikin kan gwaggo da kawu, waɗanda su ma ba dawwama za su yi ba.

Don haka muka yanke shawara a gidanmu mu zama 'yan sa-kan kanmu, mu ari ƙa'idojin waɗancan mutane. Duk takardar da aka samu, hoto ake fara ɗauka da waya, gaba da baya, kafin a taɓa komai. Sannan a kwafe ta yadda take. In an rubuta Mamman a nan, Muhammadu a can, a bar kowanne yadda yake, a rubuta a gefe cewa mutum ɗaya ake zato. Ajami kuwa sai an kai wa wanda ya iya, kuma a kai wa mutum biyu.

Hira da tsofaffi ita ce ta fi wuya, ita ce kuma ta fi riba. Mun gane cewa bai kamata a tara su wuri ɗaya ba, domin ƙarami zai yi shiru ya bar wa babba magana ko da ya fi shi tunawa. A tambayi gwaggo ita kaɗai, a tambayi kawu shi kaɗai, a rubuta wa ya faɗi me. Sunan da 'ya ba za ta faɗa ba, kishiya ko ƙawa ko abokin wasa zai faɗe shi ba tare da wata wahala ba. Mu wata tsohuwar maƙwabciya ce ta ba mu sunan Inna ta waya, har tana dariyar wai yau jikoki sun tuna da ita. Shekara kuma ba a tambayarta da lamba. A ce: kafin zuwan Sarauniyar Ingila ne ko bayansa? Wannan 1956 ke nan. Lokacin da aka canza hannun tuƙi? 1972. Da aka daina fam da sule aka koma naira? 1973. Sunaye ma suna magana. Talatu da Balarabe da Jummai sun faɗa maka ranar haihuwa, Azumi ta faɗa maka wata. In kuwa ka ji Ajuji ko Ayashe a dangi, to ka san uwar ta sha wabi kafin ta same su.

Nan ne nake so mu yi hattara. Jin cewa kaka ta binne yara bakwai ba hujja ba ce ta cewa sikila ce ta kashe su. A wancan zamani ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tarin shiƙa sun kwashe yara ba adadi. Amma in ana cewa yaran kan yi kumburin hannu da ƙafa, idonsu ya yi rawaya, suna kukan ciwon ƙashi musamman lokacin sanyi, wannan abin a gaya wa likita ne. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da AS, tarihin baki ba ya maye gurbin gwajin jini kafin aure. Yana dai ƙara wa mutum dalilin yin sa a wuri mai inganci. Haka in aka ce kaka "faɗuwa ya yi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya mutu", a rubuta da kalmominsu, kada a fassara, likita ya san abin da zai karanta a ciki. Abin da ya fi amfani gare shi shi ne wane ne ya yi ciwon, yaya dangantakarku take, kuma yana da shekara nawa ya same shi. Hawan jini ko ciwon suga ko kansar mama da ta kama uwa ko 'yar'uwa tun da ƙuruciya ta fi nauyi a wajensa a kan wadda ta zo wa mutum da tsufa, kuma tana iya sa ya ce a fara duba ki da wuri.

Sai batun sirri da na ce zan dawo kansa. Waɗanda suka jira shekara 72 ko 100 kafin su buɗe takardunsu ba wauta suka yi ba. A wajenmu kalmar farfaɗiya ko taɓin hankali ko kuturta, ko maganar asalin bauta, tana iya rusa auren yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Saboda haka littafi biyu muka yi. Na sunaye da garuruwa da hotuna, kowa a dangi na iya gani, har a zauren WhatsApp na iyali. Na cututtuka kuwa yana hannun mutum biyu kawai, ba ya hawa waya, kuma ba a rubuta ciwon wanda ke raye sai da izininsa. Mai zuwa asibiti ya zo a karanta masa abin da ya shafe shi.

Ƙanwata ta koma awo na biyu da 'yar takarda a jaka. Daga bakin gwaggonmu muka ji cewa Inna ta yi kumburin ƙafa da ciwon kai mai tsanani a cikinta na fari, har ta suma ana gab da haihuwa. Da ma'aikaciyar jinyar ta ji haka sai ta ja layi a katin, ta ce a riƙa auna mata jini a kai a kai, kuma in ta ji ciwon kai ko ganinta ya dushe kada ta jira ranar awo. In Allah ya sauke ta lafiya kuma mace ce, an riga an san sunan da za a raɗa mata.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.