Ciwon Gwaggo Ba Kishi Ba Ne

Mun daɗe muna cika shafukan wannan mujalla da batun kuɗin makaranta, da ƙarancin ruwa a ɗakunan kwananmu, da rigingimun zaɓen shugabannin ƙungiya. Yau ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, maza da mata, su yi mini haƙuri in kai su cikin gida, har ƙuryar ɗakin iyayenmu mata, domin akwai wata wahala da ke cin su a can wadda mu 'yan boko muka kasa ko sa mata suna. Na san Hausawa sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. To, amma sun kuma ce ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Da hutun hunturun da ya wuce na je gida, na iske Gwaggona ba yadda na bar ta ba. Ita ce ƙanwar mahaifina, ita ta riƙe ni tun ina ɗan shekara 6, kuma da ribar ƙuli-ƙulinta da man gyaɗarta aka ɗinka mini kayan makaranta na farko. Shekarunta 46. Da tsakar dare, kowa ya ƙudundune cikin bargo saboda sanyi, ita kuwa tana zaune a tsakar gida tana fifita, gumi ya jiƙa mata riga. Da rana ba ta iya cin rabin malmalar tuwo sai ciki ya kumbura, gyatsa da ƙwannafi su taso mata. Matar da na sani da fara'a ta koma mai saurin fushi, wani lokaci ma sai a ga tana hawaye ba wanda ya taɓa ta. Abin da ban gani da idona ba yayata ce ta tsegunta mini: wai Gwaggo takan kwana uku ba ta zagaya ba, kuma hailarta ta rikice, ta ɗauke wata uku, sa'an nan ta dawo kamar da bakin ƙwarya.

Kowa a gidan ya zama likita. Maigidanta ya ce kishi ne kawai, tun da bara ya yi amarya. Tsofaffin unguwa suka ce kwantaccen ciki ne, tun da ga haila ta ɗauke ga ciki ya ɗaga. Wata maƙwabciya ta rantse sammu ne. Mai maganin kasuwa ya ce basir ne, ya ba ta jiƙo mai sa gudawa. Mai kemis ya ce olsa ce, ya haɗa mata ƙwayoyi kala biyar. Kafin in iso ta sayar da tumaki biyu a kan neman magani, ba kuwa wanda ya tambaye ta shekarunta.

To, abin da ke damun Gwaggo sananne ne ga masana lafiya, kuma duk macen da Allah ya ja kwananta sai ta bi ta wannan hanya. Likitoci ba su cewa haila ta yanke sai mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga yawancin mata wannan yakan faru tsakanin shekara 45 da 55. Amma ba rana ɗaya abin ke aukuwa ba. Akwai shekarun da ke gabatar yankewar, waɗanda ni zan kira su shekarun gab da yankewar haila. Sukan kai kamar 4, wasu matan kuwa har su kusan ninka haka. A cikin jikin mace, gefe da gefen mahaifa, akwai ma'ajiyar ƙwai guda biyu, su ne ke fitar da sinadarai biyu, istirojin da firojestiron, waɗanda ke tafiyar da haila da ɗaukar ciki. A waɗannan shekaru sinadaran ba su raguwa a hankali kamar ruwan randa. Sai su yi sama yau, su faɗo gobe, kamar ruwan ƙarshen damina, wanda manomi ba ya iya dogara da shi.

Wannan hawa da sauka shi ke rikita wurin da ke daidaita zafin jiki a ƙwaƙwalwa, sai mace ta ji zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya keto, gaba ya yi ta faɗuwa. Shi ke hana barci, wanda bai yi barci ba kuwa ai ba a tambayarsa dalilin fushi da mantuwa. Kada kuma a ɗauka abin na 'yan kwanaki ne. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mata fiye da 3,000, wanda aka bayyana sakamakonsa a shekarar 2015, ya nuna cewa matan da wannan zafi ke yawan tasar musu sukan ɗauki kimanin shekara 7 suna fama da shi, baƙaƙen fata daga cikinsu kuwa kimanin shekara 10. Ku duba fa, shekara 10 mace tana kwana a zaune, ana ce mata kishi ke damunta.

Sai mai karatu ya ce, to mun ji wannan, amma ina ruwan haila da tumbi da hanji? Da ruwansu ƙwarai. Hanji tsoka ce mai motsi, da motsin nan take tura abinci gaba. Firojestiron yana sassauta wannan tsoka, shi ya sa mai juna biyu kan yi fama da taurin bayan gida, shi ya sa kuma 'yan mata da yawa kan ga cikinsu ya sauya duk lokacin da haila ta ƙarato. Idan sinadaran suka rikice, tafiyar hanji ma sai ta rikice: yau cushewa da kumburi, gobe gudawa. Bugu da ƙari, akwai jijiyoyi da suka haɗa ƙwaƙwalwa da hanji. Duk ɗalibin da cikinsa ya taɓa ruɗewa ranar jarrabawa ya san wannan ba sai an faɗa masa ba. To, yaya cikin matar da ta yi watanni ba barci, ga damuwar gida, ga tsoron ciwon da ba ta san kansa ba? Har ila yau, a waɗannan shekaru kitsen jiki kan tattaru a ciki, ya danne tumbi, ruwan tsamin da ke narkar da abinci ya riƙa hawowa maƙogwaro, watau ƙwannafi ke nan. Matar da ta haihu 8 ko 10 kuma, tsokokin ƙasan mararta sun riga sun saki, yunƙurin bayan gida ya zame mata aiki.

Akwai kuma wahalar da magani da kansa ke jawowa. Yawan zubar jini yana ƙarar da sinadarin ƙarfe a jiki, mace ta yi fari, ta riƙa haki da jiri. In aka ba ta ƙwayar ƙarin jini, ita ma takan taurara bayan gida ta baƙanta shi, in ba a yi mata bayani ba sai ta tsorata ta watsar. Ciwon gaɓoɓi ya sa ta dinga shan magungunan kashe zafi irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ke cin bangon tumbi, har su haifar da gyambon cikin da a da babu shi. Jiƙon da ke sa gudawa, in aka mai da shi na kullum, yana tsotse ruwan jiki da gishirinsa. Goron da take ci don ta kori gyangyaɗin rana shi ke ƙara hana ta barcin dare. Garin neman gira sai a rasa ido.

Na san akwai masu cewa, ai kakanninmu sun wuce wannan hanya ba su je asibiti ba, ba su kuwa mutu ba, wannan surutu duk na 'yan boko ne. Ina girmama juriyar kakanninmu, amma shirunsu ba shaida ba ce cewa ba su sha wuya ba. Mata nawa aka saka a wannan shekaru don wai halinsu ya ɓaci? Nawa aka kai wa masu cire iskoki? Nawa suka yi shekaru suna renon kwantaccen cikin da babu shi, ana yi musu dariya a bayan ido? Sa'an nan kunyar da muke fakewa da ita ba daga malamanmu muka gaje ta ba. Duk wanda ya karanta Ahalari a makarantar zaure ya san akwai fasali guda a kan haila, da kwanakinta, da hukuncin jinin da ya zarce. Malamai sun yi bayani filla-filla saboda sallar mace da azuminta da iddarta sun rataya a kan wannan. In ana karantar da shi a zaure, ban ga dalilin da zai hana a faɗe shi a gaban likita ba.

Amma fa dole in ja kunne, kada mu fita daga wani kuskure mu faɗa wani. Ba kowane ciwon cikin mace mai shekara 45 ne za a ɗora wa yankewar haila ba. Gyambon ciki na gaske yana nan, kuma tun 1982 likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa yawancinsa, aka ba su lambar Nobel a 2005. Ana gwada ta, ana kuma kashe ta da magani. Tsakuwar maɗaciya ta fi kama mata a kan maza. Ƙarin mahaifa yana sa zubar jini da girman ciki, kuma ya fi yawa ga baƙaƙen mata. Mace kuma tana iya ɗaukar ciki na gaske muddin haila ba ta yanke ƙaf ba. Saboda haka akwai alamomin da ba a jira da su: jini a bayan gida, ko baƙin bayan gida kamar kwalta ga wadda ba ta shan ƙwayar ƙarin jini, rama ba dalili, abinci ya riƙa maƙalewa in an haɗiya, amai mai naci, kumburin cikin da ba ya saɓewa makonni, tare da saurin ƙoshi, domin ta haka sankarar ma'ajiyar ƙwai kan fara, da kuma ganin jini, ko ɗigo ɗaya ne, bayan haila ta shekara da yankewa. Wadda ta ga ɗaya daga cikin waɗannan, asibiti za a kai ta, ba wurin mai jiƙo ba.

Ga sauran kuwa, rabin maganin yana cikin rumbu da bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya ci akalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa kowace rana. Mu da muke da zogale, da rama, da yakuwa, da alayyafo, da kuka, da kuɓewa, da gwanda, ba mu da uzuri. Wake da gero da dawa da acca, in ba a surfe su har sun yi fari tas ba, dusar nan da muke zuba wa awaki ita ce ke tafiyar da hanji. Nono da kindirmo suna ƙarfafa ƙashi, wanda ke fara zaizayewa in istirojin ya ja baya. A sha ruwa da yawa, a ci abinci kaɗan-kaɗan, a rage yaji da soye-soye da goro, kada a ci tuwon dare a kwanta nan take, a kuma taka ƙasa a motsa jiki. Wadda zafin ya hana sakat kuwa, akwai maganin mayar da sinadaran da suka ragu. A 2002 wani bincike a Amurka ya firgita mutane game da shi, amma nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa ga mace mai lafiya da ba ta kai shekara 60 ba, amfaninsa yakan rinjayi illarsa. Likita ne zai auna, domin bai dace da wadda ta taɓa sankarar mama ko daskarewar jini a jijiya ba.

To, ina namu aikin, mu ɗalibai? Duniya ta keɓe ranar 18 ga Oktoba ta kowace shekara don wayar da kai a kan yankewar haila. Me zai hana ƙungiyarmu ta gayyaci 'yan'uwanmu masu karatun likita da na jinya su yi mana lacca da Hausa a wannan rana? Masu nazarin harshe kuma su zauna da su, su samo wa wannan lokaci suna mai daɗin faɗa, wanda mace za ta ambata ba ta sunkuyar da kai ba. 'Yan'uwanmu mata, an ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in kun je hutu ku zauna da iyayenku ku tambaye su. Mu maza kuwa kada mu ce ba ruwanmu, domin mu ne mazajen gobe, kuma a hannun maigida kuɗin mota da izinin fita suke.

Ni dai na lallashi maigidan Gwaggo, ni da yayata muka kai ta asibiti. Aka auna, ba ciki, ba gyambo, sai ƙarancin jini. Wata ma'aikaciyar jinya, sa'arta, ta zaunar da ita ta yi mata bayani, ta ce ita ma haka take kwana da mafici a hannu. Da muka fito Gwaggo ta daɗe ba ta ce komai ba. Sai da muka kusa tasha ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ashe ba ni kaɗai ba ce?" Na ce, "Ba ke kaɗai ba ce, Gwaggo." Har yanzu zafin yana taso mata, cikin ma wani lokaci yana kumbura, amma ta daina sayar da tumaki, maigidan kuma ya daina zancen kishi.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya ba mu ikon saka musu da alheri. Wassalam.