Takardar Koke kan Riƙe Bindiga da Kare Kai

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Dattawa da Mai Girma Kakakin Majalisar Wakilai, Abuja.



Mu manoma ne da 'yan kasuwa daga ƙauyukan yammacin Zamfara. Kukanmu shi ne hukuma ta yi mana baki biyu a kan maganar bindiga, kullum kuma namu ake kaiwa makwanci.

A watan Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suka yi kwanaki suna kisa da ƙone-ƙone. A watan Yunin shekarar gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce kowa ya nemi lasisin bindiga, za a raba fom 500 a kowace daga cikin masarautu 19. Ba a je ko'ina ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi, 'yan sanda kuma suka ce an dakatar da ba da lasisi. Tun 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya yi wa Katsinawa irin wannan kira. To, maganar wa za mu kama?

Mun zo gare ku ne saboda Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa dokar makamai a hannun tarayya kaɗai. Dokar da ake aiki da ita tun 1959 aka yi ta, lokacin da damuwar manomi ba ta wuce kura da ɓarawon akuya ba. Yau mutum uku ke hawa babur ɗaya, kowa da AK-47. Tamu kuwa bindigar toka ce, in ka harba sau ɗaya sai ka tsaya ɗuri. Ita ma ɗin, mun sha ganin an kama mai ita a hanyar gona.

Ba cewa muke a cika kowane gida da bindiga ba. Mun ga aikin wasu 'yan sa-kai da idonmu: a tare Bafulatani a kasuwa ba bincike ba shari'a, bayan kwana biyu gari duka ya biya da jini. Ga Unguwar Mantau a Malumfashi, inda aka buɗe wa masallata wuta a sallar asuba a watan Agustan 2025, hukumomin Katsina suka ce ramuwa ce kan kwanton ɓaunar da mutanen garin suka yi. Garin da ya kare kansa aka bar shi shi kaɗai, gobe a kansa za a huce.

Don haka muna roƙon ku gyara dokar nan, ta faɗi ƙarara wa zai riƙe bindiga a ƙauye da irin wadda zai riƙe. Askarawan da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a 2024 a ba su gurbi a dokar tarayya: hakimi ya shaidi kowane mutum, a rubuta lambar makaminsa, a ƙirga harsashinsa, wanda ya kashe marar laifi ya tsaya gaban alƙali ko ɗan waye. In gari ya kori mahara, a girke masa jami'ai tun kafin maharan su dawo.

Muna kuma roƙon ku turo kwamiti ya zo Gusau ya zauna da mu kafin damina ta faɗi, don gonakinmu na nesa sun yi shekaru ba a taɓa su ba.

Naku cikin biyayya,
Manoma da 'yan kasuwar ƙauyukan yammacin Zamfara