Gogen Nasara da gogen kawuna

Ƴan uwa ɗalibai, wannan rubutu amsa ce ga abokaina biyu da muka yi gardama da su a fadarmu cikin hutun da ya wuce. Kun san halin wurin shayi, ba a barin mutum ya kai ƙarshen magana, shi ya sa na kawo tawa nan. Ba zan kama sunansu ba. Na farko zan kira shi Mai Kishi, na biyu kuma Ɗan Pari, ko da yake iyakar tafiyarsa Yamai.

Ga yadda abin ya faru. Wani daga cikinmu ya zo da bidiyon wani konser da aka yi a wani babban zaure a Jamus, muka sa a kwamfuta muna jiran shayi na biyu. Makaɗa sun haura sittin, duk cikin baƙaƙen kaya. Kafin a soma, wani mai abin busa mai kama da algaita ya ba da sauti ɗaya, kowa ya daidaita tsirkiyarsa a kai. Madugu ya ɗaga ƴar sandarsa, suka buɗe da mabuɗin wasan Auren Figaro na Mozar, minti huɗu da ɗan abu, a guje. Daga nan wata mata ta fito riƙe da biyolon, wato gogen Nasara, ta tsaya gaba gare su, aka kaɗa konserto na Mendelson. Bayan an huta aka shiga samfoni ta bakwai ta Betoban, amma ba mu kai ƙarshenta ba, gardama ta riga ta kaure.

Mai Kishi ya ce a kashe. Wai kiɗan ƴan mulkin mallaka ne, kuma a wannan lokaci da ƙasa ke neman tsayawa da ƙafarta abin kunya ne ɗalibi ya zauna yana kallon Nasara suna goga katako. Ɗan Pari ya ce a'a, wannan shi ne kiɗa, namu hayaniya ce. Ya ce mu dubi yadda jama'a suka zauna tsit, ba mai tashi, ba mai guɗa, ba mai liƙi, wai wayewa ke nan. Ni kuwa na ce, kuma ina nan kan bakana, dukansu biyu ba wanda ya saurara. Kowa tufafin makaɗan ya kalla ya yanke hukunci. Wanda ya ce shi addininsa ya hana shi jin kiɗa kowane iri, wannan magana ce daban, ba da shi nake ba. Waɗannan biyun kuwa wayoyinsu cike suke da kiɗa.

To bari in faɗi abin da ke cikin konserton, tun da ni na koma na ji shi sau biyar ni kaɗai. Konserto zance ne tsakanin makaɗi ɗaya da taron makaɗa. A al'adar da Mendelson ya tarar, taron ne ke fara dogon bayani, mai goge yana tsaye yana jira. Shi kuwa bai bar ta ta jira ba: ana somawa gogen ya shigo da wata murya siririya can sama, mai kama da kukan da aka danne. Sauran suka karɓa, ita ta sake, suka amsa, kamar mawaƙi da ƴan amshi. Can tsakiya kowa ya yi shiru, aka bar ta ita kaɗai, bakanta yana tsalle kan tsirkiya huɗu. Tana cikin haka sai taron ya dawo a hankali da waƙar farko, ita kuma ba ta daina ba, ta koma tana yi musu rakiya. Mai gaba ta zama ƴar amshi ba tare da girmanta ya faɗi ba. Da kashi na farko ya ƙare, wani mai busa ya riƙe sauti ɗaya bai sake ba, a kansa aka haye zuwa kashi na biyu mai sanyi. Na uku kuma wasa ne da raha, kamar yara sun fito dandali da farin wata. Duka abin rabin awa ne. Mendelson ya fara maganarsa a 1838, bai gama ba sai 1844, yana ta shawara da abokinsa mai goge Fardinan Dabid, wanda ya fara kaɗa shi a garin Laibzig ranar 13 ga Maris 1845. Shekara shida don rabin awa. Ku riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa.

Mai Kishi, da kai zan fara. Na yarda da kai a abu ɗaya: lakkol ɗin Nasara ta koya wa kakanninmu raina abin gida, kuma har yanzu ciwon bai warke ba. Amma idan za ka tambayi kiɗa takardar haihuwarsa kafin ka ji shi, ka san ba kai ka fara ba. Mendelson jikan Bayahude ne, don haka gwamnatin Hitila ta hana a kaɗa ayyukansa, kuma a 1936 aka tumɓuke mutum-mutuminsa da ke gaban zauren kiɗa na Laibzig. Ban ce kai irinsu ne ba, Allah ya kiyaye. Cewa na yi hanyar da ka ɗauka an taɓa binta, kuma mun ga inda ta ɓulle.

Sannan wa ya ce maka baƙar fata ba shi da gado a wannan zaure? San-Jorj, wanda aka haifa a tsibirin Gwadalup a 1745, uwarsa baiwa ce baƙa. Ya zama ɗaya daga cikin manyan masu goge na Pari, ya rubuta konserto da dama, kuma ƙungiyar da yake jagora ita ta fara kaɗa samfoni shida da Haidin ya rubuta wa birnin. Da aka so a ba shi shugabancin gidan opera, wasu mawaƙa mata suka kai kuka wurin sarauniya cewa ba za su bi umarnin ɗan baiwa ba, aka fasa. Ka ga wariyar gaskiya ce, tana nan. Amma su masu wariyar cewa suke wannan kiɗa ba na baƙi ba ne, kai ma abin da kake faɗi ke nan. Yaya aka yi bakinku ya zo ɗaya? A Kinshasa kuwa, tun 1994 Arman Diangienda ya kafa orkestira da mutanen gari, masu sana'a da rana, masu koyo da dare. Tsirkiya ta tsinke, ba kuɗin sabuwa, suka ɗaura wayar birkin keke suka ci gaba, har suka kaɗa samfoni ta tara ta Betoban. Je ka gaya musu su bayin Nasara ne.

Shi kansa biyolon ɗin, an daidaita siffarsa a arewacin Italiya a ƙarni na 16, amma goga baka kan tsirkiya ba a Turai aka fara ba. Daga gabas ya zo musu, ta hannun Rumawa da Larabawa masu rababa. Bakan da matar nan ta riƙe izgar doki ce, ana shafa mata ƙaro don ta kama. Bakan mai gogen unguwarku ma izgar doki ce, ƙaro ake shafa mata. Ɗaya katako ne da tsirkiya huɗu, ɗaya ƙwarya ce da fatar guza da tsirkiya ɗaya. Dangi ne.

Yanzu kai, Ɗan Pari, kuma naka ya fi ba ni haushi. Ka ga mutane sun yi tsit ka ce a jininsu yake. Ba haka ba ne. A zamanin Mozar ana tafi ana cikin kiɗa, shi da kansa ya rubuta wa ubansa daga Pari a 1778 yana murna cewa an tafa masa a tsakiyar samfoni. Shirun da ya burge ka al'ada ce da ta zo daga baya. Kuma waɗannan da kake kira manya, ka san matsayinsu a lokacinsu? Haidin ya yi kusan shekara talatin yana bara a gidan sarautar Estarhazi. Yarjejeniyar da ya sa wa hannu a 1761 ta ce ya sa kayan hidima, ya riƙa zuwa kullum jin umarnin ubangida, abin da ya rubuta kuma na ubangida ne. Mozar a gidan babban limamin kirista na Salzbur da barori da masu dahuwa yake cin abinci, kuma da ya nemi sallama a 1781 da shuri aka raka shi ƙofa. Makaɗan fada ne, kamar masu kakaki da algaita a ƙofar Sarkin Damagaram. Maroƙa, in ka ga dama.

To me ya canza? Aiki aka yi, ba daga sama ya faɗo ba. Sun rubuta kiɗansu a takarda, shi ya sa matar nan ke iya kaɗa abin da aka tsara shekara ɗari da tamanin da suka wuce ba tare da ta ga mai shi ba. Sun buɗe makarantu, ta Pari a 1795, ta Laibzig a 1843, wadda Mendelson da kansa ya kafa. Kuma mutanen gari sun sa kuɗinsu. Orkestirar Laibzig ƴan kasuwa ne suka haɗa kuɗi suka kafa ta a 1743, sunanta ma daga zauren masu sayar da tufafi ta samo shi, don can take wasa. Da haka makaɗi ya fita daga bakin ƙofar mai sarauta ya hau dandamali, ana sayen tikiti don a ji shi. Mu ma muna da ƴan kasuwa, Maraɗi ba ta rasa alhazai ba. Kai kuwa da ka ce namu hayaniya ce, yaushe ka taɓa zama rabin awa bakinka rufe gaban mai goge? Wanda bai ba abu kunne ba, ba shi da bakin kushe shi.

Ga dalilin da ya sa abin ya tsaya mini a rai. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda na yi shekara huɗu a gidansa ina kolej, mai goge ne. Na sha ganinsa da hantsi a zaure shi kaɗai yana maimaita juyi ɗaya har sai ya zauna masa a hannu. Shekara shidan Mendelson ba za ta ba shi mamaki ba. Amma duk lokacin da aka raba takarda a aji a rubuta sana'ar mai riƙo, manomi nake rubutawa. Kunya nake ji. Goge a wurinmu na ƴan bori ne da gidan mata, ɗan mai goge in ya je neman aure sai an yi ƙus-ƙus. Ƴaƴansa biyar ba wanda ya koya, shi ma bai matsa musu ba, ya san abin da ya sha. Yanzu yatsunsa sun yi nauyi, gogen na rataye a bango, fatar ta tsage. Ba ni da ko minti ɗaya na kiɗansa a wayata. Ranar da na ga zaure guda ya miƙe tsaye yana tafa wa mai goge, madugu na sunkuya mata, shi na tuna, kuma ba Nasara na ji haushi ba, kaina na ji haushi. Ba Faransa ce ta riƙe mini hannu na rubuta manomi ba.

Mai Kishi, kai da ke kare al'ada, za ka ba ɗan mai goge ƙanwarka? Na san amsar, kai ma ka sani. Kai da Ɗan Pari kun yi ta hayaniya kamar abokan gaba, alhali wurin raina kawuna tsintsiya ce maɗaurinku ɗaya.

Kada wani ya ce ba abin da za a iya. Marigayi Mamman Barka ya tashi takanas ya je bakin tafkin Chadi a 2002 wurin Bukar Tar, tsohon da ya rage mai iya biram, ya zauna ya koya, ya kai kayan har Turai. Da bai je ba, da an bizne biram tare da tsohon. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Taya tun 1989, mu nawa muka taɓa leƙawa? Ga abin da nake nema, kuma bai fi ƙarfin ɗalibi ba. Kowa ya nemi mai goge, ko mai gurmi, ko mai molo na garinsu, ya ɗauki kiɗansa da izininsa, ya rubuta sunan kowane juyi da wanda ya koya masa. Idan makon al'adu ya zo a makarantunmu, a gayyato mai goge, a yanka masa kuɗin aikinsa tun kafin ya zo kamar yadda ake yi wa mai kayan sauti, a ba shi kujera a gaba, mu kuma mu yi masa shiru na rabin awa. Bayan nan mai guɗa ta yi guɗa, ba laifi, ai Mozar ma tafi yake so.

Bidiyon yana nan wurina, duk mai so ya zo fada ya kwafa. Ku ji shi tun daga farko har ƙarshe kafin ku ce uffan. Ni dai hutu mai zuwa zan nemi fatar guza in tafi wurin kawu, ko yatsun za su yarda su ba ni juyi ɗaya.