Wanda Aka Daina Cigiyarsa

Yawancinmu mutanen Kano ba mu taɓa ganin teku ido da ido ba. Ruwa mafi faɗi da ɗan Gyadi-Gyadi ya sani shi ne dam ɗin Tiga, shi ma sai in an je yawon sallah. Duk da haka fim ɗin Cast Away, wanda Robert Zemeckis ya ba da umarni, ya fito a ƙarshen shekarar 2000, ya zauna a zukatan masu kallo a nan. Wanda sunan ya kwanta masa yakan ce wa mai tura finafinai a Zoo Road, "Sa min na mutumin nan mai hira da ƙwallo."

Tom Hanks ne ya fito a matsayin Chuck Noland, ma'aikacin kamfanin FedEx mai kai saƙonni, mutumin da kullum idonsa ke kan agogo. Jirgin saman dakon kaya da ya hau ya faɗa Tekun Fasifik da dare cikin hadari. Shi kaɗai ya tsira, ruwa ya jefa shi wani ɗan tsibiri da babu ɗan'adam, ya shekara huɗu a can. A tsibirin Monuriki na ƙasar Fiji aka ɗauki fim ɗin, har sai da aka dakatar da aiki na kusan shekara guda domin jarumin ya rame da fiye da kilo 20, gashi da gemu su cika masa fuska.

Abin da ya fi jan mai kallo shi ne dabara. Kwalayen saƙo da ruwa ya koro gaɓa su suka zama kasuwarsa. Takalmin gudu a kan ƙanƙara, mai wuƙar ƙarfe a ƙasansa, ya zama gatari, daga baya da shi ya fasa haƙorin da ya hana shi barci. Ragar jikin wata rigar mata ta zama komar kamun kifi, zaren kaset ɗin bidiyo ya zama igiya. Ya yi ta murza itace a kan itace har tafin hannunsa ya tsage, cikin fushi ya wurgar da wata ƙwallo, jininsa ya bar shatin hannu a jikinta, ya zana mata ido da baki, ya kira ta Wilson, sunan kamfanin da ya yi ta. Ita ce abokiyar hirarsa har ranar da ruwa ya ƙwace ta, ya yi kuka irin na wanda ya rasa ɗan'uwa.

Ni kuwa wurin da ya fi tsaya mini a rai wani ne daban, kuma bai fi minti biyu ba. Ya samu wuta, ya gasa ƙaguwa ya ci, sai ya ɗauki wani abu yana zana lissafi a jikin dutse yana yi wa ƙwallon bayani. Jirginsu ya kauce hanya don gudun hadari bayan rediyonsa ya daina shiga, saboda haka masu nema suna duba inda suke zaton jirgin yake, alhali ya yi nisa da wurin. Da ya buga lissafin, filin da za a bincika ya kai ninki biyu na jihar Texas, wato kusan faɗin Jamhuriyar Nijar gaba ɗaya. A nan fuskarsa ta sauya. Ruwan sha ya samo wa kansa, wuta ya ƙyasta da hannunsa, har likitan haƙori ya zama. Abu guda ne ya fi ƙarfinsa, ba zai iya sa wani ya ci gaba da nemansa ba. Kuma da ya dawo gida ya tarar an daɗe da yi masa jana'iza da akwatin da babu gawa a ciki.

Fim ya yi masa gata. Ya haɗa kwale-kwalen itace, ya ratsa igiyar ruwa, wani jirgin dakon kaya ya tsince shi bisa dace. A tarihi ba kasafai ake irin wannan dacen ba.

A ranar 31 ga Yuli 1761 wani jirgin ruwan Faransa mai suna L'Utile ya daki dutsen ƙarƙashin ruwa kusa da wani tsibirin yashi a gabashin Madagaska, ɗauke da mutanen Madagaska wajen 160 da aka saye su bayi. Tsibirin bai wuce murabba'in kilomita ɗaya ba, babu bishiya ko guda. Turawan jirgin da waɗanda suka tsira daga cikin bayin suka haƙa rijiya, suka ƙera ƙaramin jirgi da ɓaraguzan babban. Da aka gama bayan wata biyu, Turawan suka shige suka tafi, suka bar aƙalla mutum 60 da alkawarin za a dawo a ɗauke su. Gwamnan Faransa da ke Morishus ya hana jirgi, ana cikin yaƙi da Ingila, magana ta bi iska. Sai ranar 29 ga Nuwamba 1776, bayan shekara 15, wani jirgi ƙarƙashin jagorancin Tromelin, wanda tsibirin ke amsa sunansa yanzu, ya iso. Mata bakwai ya tarar da jariri ɗan wata takwas. Masu tonon tarihi da suka fara aiki a wurin a 2006 sun gano ɗakunan da mutanen suka gina da duwatsun teku, da kwanonin tagulla da aka yi wa faci a kan faci. Waɗannan bayin Allah ba su gaza a dabara ba, sun ma fi jarumin fim nesa ba kusa ba. Waɗanda ke tudu ne suka san inda suke sarai, suka ga ba su kai a tayar musu da jirgi ba.

Ko samarin nan shida 'yan makarantar kwana na ƙasar Tonga, da suka maƙale a tsibirin Ata a 1965, suka raba aiki bibbiyu, suka hana wutarsu mutuwa, suka ɗora wa ɗayansu karayar ƙafa ta warke, sai da suka yi wata 15 kafin wani matuƙin jirgin kamun kifi ɗan Ostareliya, Peter Warner, ya hango su. A gida an riga an yi zaman makokinsu.

Mu namu tekun na yashi ne da kwalta. A ƙarshen Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Akasarinsu 'yan yankin Kance ne a jihar Damagaram, Hausawa 'yan'uwanmu, waɗanda daga Kano ba su fi tafiyar wuni ba. Sun bi ɓarauniyar hanya don gudun jami'ai, don haka babu wata takarda da ta ce ga inda suka nufa, babu wanda ya tashi nemansu sai da kwanaki suka shuɗe. A 2019 kuma ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce tana riƙe da sunayen 'yan Najeriya kusan 22,000 da iyalansu ke cigiya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a rajistarta a lokacin, kuma fiye da rabinsu yara ne sa'ad da suka ɓata.

Wanda ya taɓa hawa mota a tashar Unguwa Uku ya san takardar nan da ɗan kamasho ke miƙowa kafin a tashi, maƙale a jikin ɗan katako, da biro ɗaure da zare. Suna, inda za ka, lambar wayarka, lambar wani naka. Tana bi hannu-hannu daga kujerar gaba zuwa ta baya. Wani ya rubuta "Alhaji" kawai ya miƙa. Wani ya cika gurbin ɗan'uwa da lambar kansa, wayar da ke aljihunsa, wadda in wani abu ya faru tare za su tafi. Wani ma tun farko bai shiga tasha ba, ya tsaya bakin titin Zariya ya tare motar kan hanya don ragin 'yan kuɗi kaɗan, babu wanda ya san lambarta. Ga kuma saurayin da ya ce wa mahaifiyarsa Abuja za shi aikin gini, alhali Agadas ya nufa, don ya san in ya faɗi gaskiya za a hana shi. Ranar da layinsa ya daina shiga, a Abuja za a yi ta nemansa. Lissafin da mutumin fim ya zana a jikin dutse ke nan, sai dai shi hadari ne ya karkatar da jirginsa, mu kuwa sau da yawa da hannunmu muke ɓatar da sawu.

Akwai kuma wadda aka bari a gida. A fim ɗin sunanta Kelly, ba a ɗaura musu aure ba tukuna. Da ya dawo ya same ta da miji da 'ya, amma taswirorin binciken suna nan ta ajiye, kuma ta gaya masa cewa zuciyarta ba ta taɓa yarda ya mutu ba, mutane ne suka yi ta matsa mata ta haƙura. Irinta suna nan a ɗakunan haya na Gyadi-Gyadi da Darmanawa da Hausawa. In ka tambaya a ce, "Maigidan ya tafi nema." Wata uku na farko kowa na tambaya ko an ji ɗuriyarsa. Bayan shekara sai gaisuwar ta koma "sai haƙuri", mai gida ya fara zancen kuɗin haya, ita kuwa ba matar aure ba, ba mai takaba ba.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yin magana a kan wannan, kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wurin. Matar da mijinta ya ɓata tana kai ƙara ga alƙali, a yi bincike a kansa, in an rasa labarinsa a ɗiba mata shekara huɗu, sannan ta yi idda ta wata huɗu da kwana goma, ta yi aure in ta so. Asalin hukuncin daga Sayyidina Umar ne, yana cikin Muwaɗɗa. In bai bar mata abin ci ba, tana da damar neman rabuwa tun kafin wannan wa'adi. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta gado sai an kai shekarun da tsaransa ba sa wuce su a raye. Abin lura shi ne bincike ne a gaba, ƙirga shekaru na biye. Shari'a ba ta yarda a shafe mutum daga cikin rayayyu don kawai an gaji da jiransa ba, kuma ba ta yarda a bar mace a rataye har tsufa ba. Mu kuma mun iya yin duka biyun a lokaci guda: mu daina neman mijin, mu kuma hana matar zuwa kotu don kada a ce ta ƙosa.

"A bar wa Allah" magana ce ta gaskiya, amma ina jin zafin yadda muke rufe bakin mai cigiya da ita. Annabi Yakubu, wanda ya fi mu tawakkali, bayan shekaru masu yawa da ɓatan Annabi Yusuf cewa ya yi da 'ya'yansa su koma su nemo labarinsa. Kano ma ta ga amfanin naci. A Oktoban 2019 'yan sanda suka dawo da yara tara da aka sace daga unguwanni irin su Hotoro da Yankaba aka kai akasarinsu Anaca a jihar Anambra, wasunsu sun yi shekaru a can har Hausa ta kwanta musu. Iyayen da suka ƙi yin shiru, suka haɗa kai suna bin ofisoshi da gidajen rediyo, su ne suka hana maganar mutuwa. A 2021 babbar kotun jiha ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104.

Kayan aikin cigiya muna da su tun kaka da kakanni. Yaron da ya ɓata gidan mai unguwa ake kai shi. Ana sanarwa a lasifikar masallaci bayan sallah, ana kai wa gidan rediyo. Abin da ya raunana shi ne lura. Yankin Tarauni a nan Kano ya cika ya batse, gidaje sun koma masu get da doguwar katanga, ɗan haya ya shigo ya fita ba a san garinsu ba. Maigadi ko ɗan ga-ruwa da ya zo ci-rani yana iya kwanciya ciwo kwana uku a shago, ba a farga ba sai an rasa mai kawo ruwa. A kewayen asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano kullum akwai majinyata da suka zo daga Jigawa ko Yobe ko Damagaram, guzuri ya ƙare, waya babu kati, kunya ta hana su faɗa. Dubban mutane na wuce su a adaidaita sahu. A da, dattijo in bai zo sallar asuba kwana biyu ba, kafin hantsi an tura yaro ya dubo shi. Wannan ɗabi'ar ba ta buƙatar kasafin kuɗi, kuma masallatan da ke riƙe da ita har yanzu sun san yawan mutanen da aka tarar a daidai lokacin da ya kamata.

Ina ganin ya dace kowane mai unguwa a Tarauni ya riƙe littafi na baƙi da 'yan haya, da sunan garinsu da lambar wani nasu, kamar yadda ya dace 'yan yuniyon su ƙi tayar da mota sai an cika takardar fasinja yadda ya kamata. Mai tafiya kuma, ko da zai ɓoye wa kowa, ya samu mutum ɗaya ya gaya masa ainihin inda ya dosa da hanyar da zai bi. Iyalin da nasu ya riga ya ɓata, ko shekara nawa aka yi, Red Cross tana da sashen neman waɗanda suka ɓata da haɗa su da danginsu, har a ƙetaren iyaka, kuma ba a biyan ko sisi. In za a je, a tafi da hotonsa, da cikakken sunansa da na mahaifinsa, da ranar da aka yi magana da shi ta ƙarshe, da lambar da ya kira da ita, da sunan duk wanda aka san sun tafi tare.