Rautar Gida Zaure Ce, Mai Gida Ya Kamata Ya Riƙe Mabuɗinta

 A yau da wuya mutum ya ratsa unguwa a biranenmu bai tarar da gidan da ke da ɗan akwatin nan mai ƙahonni biyu ko huɗu ba, wanda fitilunsa ke ƙyaftawa dare da rana, yana raba intanet ga wayoyi da kwamfutocin mutanen gida ba tare da an ja igiya ba. Wannan na'ura ita ce bakinmu ya mayar da sunanta rauta. Akwai ta bango, akwai kuma 'yar ƙarama ta aljihu wadda ake sa wa layin waya. Abin da ke damuna game da ita shi ne, yawancin masu ita sun bar ta yadda mai kanti ya miƙo musu, ba su taɓa leƙa cikinta ba. A cikinta kuwa akwai wani sashe na saituna da masu ƙira suka liƙa wa kalmar Turanci mai nufin "na masu zurfin sani", kuma wannan kalma kaɗai ta isa ta kori mutum. Ra'ayina shi ne, shiga wannan sashe haƙƙi ne da ya rataya a wuyan mai gida, kuma ɗalibin sakandare mai natsuwa zai iya koyonsa a darasi biyu.

Bari mu fara da aikin na'urar. Ɗaliban ilimin halittu sun san cewa kowace ƙwayar halitta tana da siririyar fata da ta kewaye ta, wadda ke barin abinci da iska su shiga, ta fitar da abin da ba a buƙata, ta kuma tare abin da zai yi lahani. Idan wannan fata ta daina zaɓe, ƙwayar ta mutu. To, haka rauta take tsakanin gida da duniyar intanet. Duk saƙon da zai fita daga wayar uwar gida, da duk kuɗin da mai gida zai tura ta manhajar banki, da duk hoton da zai shigo wayar yaro, ta cikinta za su bi. Ita ce ke ba kowace na'ura ta gidan lambar adireshi, ita ce kuma ke tsare baƙon da ba a gayyata ba. Wanda ya mallaki rauta ya mallaki zauren gidan.

Hanyar shiga ba ta da wuya. Mutum zai haɗa wayarsa ko kwamfutarsa da rautar, ya buɗe manhajar da yake shiga intanet da ita, ya rubuta adireshin na'urar a gurbin da ake rubuta sunan shafi. Galibi adireshin yakan kasance 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, wasu ƙananan na aljihu kuma 192.168.8.1. Ana samunsa rubuce a takardar da ke manne a ƙasan na'urar, tare da suna da kalmar sirrin shiga.

A nan ne kuskure na farko yake. Rauta tana da mabuɗi biyu, amma mutane da yawa ɗaya suka sani. Na farko shi ne kalmar sirrin Wi-Fi, wadda ake ba mutanen gida don su sami intanet. Na biyu shi ne kalmar sirrin mai sarrafa na'urar, wadda ke buɗe saitunan gaba ɗaya. Wannan ta biyun, masana'antu da dama sun daɗe suna sa mata kalma guda a kan dubban na'urori, sau da yawa "admin", kuma jerin irin waɗannan kalmomi yana nan a fili ga duk mai nema.

A matsayina na mai nazarin halittu, wannan yana tuna mini abin da ya sami ƙasar Ailan daga shekarar 1845. Talakawan ƙasar sun dogara ga dankalin Turawa, kuma mafi yawansa iri ɗaya ne, ana shuka shi daga jikin uwarsa, saboda haka duk gonakin kamar tagwaye suke. Da cutar ruɓewa ta shigo, ba ta sami wanda zai tsaya mata ba, yunwar da ta biyo baya ta kashe mutum kimanin miliyan ɗaya. Darasin shi ne, inda kowa ya zama iri ɗaya, cuta guda ta isa. Irin wannan ne ya faru a shekarar 2016 da wata muguwar manhaja mai suna Mirai. Ba ta da wata dabara mai zurfi. Jerin sunaye da kalmomin sirri na masana'anta kimanin 60 kawai ta riƙe, tana yawo a intanet tana gwada su a kan kyamarorin tsaro da rautoci. Da haka ta kama dubban ɗaruruwan na'urori ba da sanin masu su ba, ta mayar da su runduna. Ranar 21 ga Oktoba na shekarar, an tura wannan runduna kan kamfanin Dyn na Amurka, sai manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagari jama'a shiga na tsawon sa'o'i. Yammacin Afirka ma bai tsira ba. Wani ɗan Ingila mai suna Daniel Kaye ya yi amfani da wani jinsin Mirai ya kai hari kan wani kamfanin sadarwa na Laberiya, har intanet ɗin ƙasar ya tabarbare a ƙarshen 2016, kuma a 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure shi wata 32.

Saboda haka mai cewa "ni ba ni da abin da za a sata" bai fahimci matsalar ba. Na'urar kanta ita ce abin sata. Wanda ya ƙi yi wa ɗansa rigakafin ƙyanda ya jefa 'ya'yan maƙwabta cikin haɗari, haka ma wanda ya bar rautarsa a buɗe yana iya zama makamin da za a cuci wani da shi. Ga kuma asarar aljihu, musamman tun da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025.

Bayan canza mabuɗin mai sarrafawa, abu na gaba shi ne nau'in kwaɗon da ke ɓoye saƙonni a iska. Saƙon Wi-Fi igiyar rediyo ce, ba ta tsayawa a bangon gida, kowa na kusa zai iya kama ta. Abin da ke hana shi karantawa shi ne rikita rubutun da na'urar ke yi. Tsarin farko, WEP, ya zo a 1997, kuma a 2001 masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka nuna rauninsa, yau ana fasa shi cikin mintuna. WPA ya biyo baya a 2003, WPA2 a 2004, sai WPA3 a 2018. Mai gida ya zaɓi WPA3 idan na'urorinsa sun yarda da shi, in ba haka ba WPA2. Rautar da ba ta san komai ba sai WEP ta tsufa, lokacin ritayarta ya yi.

Sai dai kwaɗo mai kyau ba ya amfani idan mabuɗin na kowa ne. Al'adarmu ita ce mu sa lambar waya a matsayin kalmar sirri. Ga lissafi ga ɗalibai. Lambar wayar Nijeriya alƙaluma 11 ce, huɗun farko sanannu ne, irin su 0803 da 0806, saura bakwai, wato yiwuwa miliyan 10 ga kowane mafari. Ko da mun ɗauka mafaran sun kai 50, jimlar miliyan 500 ce. Kwamfutar da ke gwada miliyan ɗaya a daƙiƙa za ta gama da su cikin ƙasa da minti 10. Yanzu a ɗauki kalmomin Hausa huɗu da ba su da dangantaka da juna, waɗanda aka tsinto da ka daga cikin kalmomi 5,000. Yiwuwarsu ta kai tiriliyan 625, kuma wannan kwamfuta za ta shafe kusan shekara 20 kafin ta ƙare. WPA2 yana karɓar haruffa daga 8 zuwa 63, don haka fili yana nan. Harshenmu ma kansa garkuwa ne.

Akwai kuma ƙofofin baya guda uku da nake ganin ya kamata a rufe. Ta farko ita ce WPS, wadda aka ƙirƙiro don sauƙaƙa haɗa na'ura ta hanyar lamba mai alƙaluma 8. A Disamba 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya bayyana cewa rautar tana duba lambar ne rabi-rabi, kuma alƙalami na ƙarshe na tabbatarwa ne kawai. Ke nan maimakon gwaji miliyoyi, ɓarawo yana buƙatar 10,000 ga rabin farko da 1,000 ga na biyu, jimla 11,000, aikin 'yan sa'o'i. Ta biyu ita ce damar sarrafa rautar daga nesa ta intanet, wadda talakan gida ba ya buƙata. Ta uku ita ce UPnP, wadda ke ba kowace na'ura ta cikin gida izinin buɗe wa kanta taga zuwa waje ba tare da ta tambayi kowa ba. Masu wasannin kwamfuta kan buƙace ta, amma wanda ba ya amfani da ita ya kashe ta.

Manhajar da ke cikin rautar ita ma tana buƙatar sabuntawa. A 2017 Mathy Vanhoef na Jami'ar Luben ta ƙasar Beljiyam ya gano wani rauni a WPA2 kansa, kuma maganin da aka samar ta hanyar sabunta manhaja ya isa ga jama'a. Wanda bai sabunta ba kamar wanda ya karɓi allurar farko ce ya ƙi komawa ta biyu. A duba wannan sashe ko da sau ɗaya ne a wata uku.

Wani zai ce, ashe ana so mu yi wa maƙwabta da baƙi rowa ke nan? Sam. Rautoci da yawa suna da abin da za mu kira layin baƙi, wato Wi-Fi na biyu mai sunansa da kalmar sirrinsa, wanda ke ba mutum intanet amma ba ya barinsa ya kai ga na'urorin gidan. Kakanninmu sun san wannan hikima, shi ya sa suka gina zaure: a karɓi baƙo da mutunci, a ba shi ruwa da tabarma, amma cikin gida na masu gida ne.

Iyaye da shugabannin makarantu kuma su lura da saitin DNS, wanda shi ne littafin adireshin intanet, mai fassara sunan shafi zuwa lambobi. Idan ɓarawo ya canza shi, yana iya kai mutum shafin jabu mai kama da na bankinsa. Idan mai gida ne ya zaɓe shi da kansa, yana iya zama mataci. Lambar 9.9.9.9 ta Quad9 tana toshe shafukan da aka san masu cutarwa ne, lambar 1.1.1.3 ta Cloudflare kuma tana ƙarawa da toshe shafukan batsa. Wannan taimako ne, amma yaro mai wayo yana iya kewaye shi, don haka ba ya ɗauke wa iyaye nauyin tarbiyya.

Ga masu kukan rashin sauri, akwai zango biyu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Na farko ya fi nisa da ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa, na biyu ya fi sauri amma katangar ƙasa mai kauri takan raunana shi. A zangon 2.4 tashoshi suna hawa kan juna, guda uku ne kawai ba sa taɓa juna: 1 da 6 da 11. Idan maƙwabci yana kan 6, a koma 1 ko 11. Ruwa yana shanye waɗannan igiyoyi, ƙarfe kuma yana mayar da su, saboda haka a ɗora na'urar a sama a tsakiyar gida, nesa da randa da firji.

Ba kowane saiti ne ke da amfanin da ake zato ba. Ɓoye sunan Wi-Fi ba ya ɓoye shi ga mai kayan aiki, domin wayoyin gidan suna ambaton sunan a iska. Tace na'urori ta lambar jikinsu, wato MAC, shi ma ana iya kwaikwayonsa, kuma wayoyin zamani suna sauya wannan lamba da kansu. Waɗannan biyu suna sa mutum ya saki jiki alhali ƙofa a buɗe take.

Gaskiya ne masana'antu suna da nasu laifin, kuma a Afrilu 2024 Birtaniya ta fara aiki da dokar da ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri ta gama-gari. Ya kamata hukumominmu su yi koyi. Amma tsofaffin na'urorin da ke gidajenmu ba za su jira doka ba.

Kirana ga malaman kimiyya shi ne, su kawo rauta guda cikin aji. Tsoron lalata ta bai kamata ya hana ba, domin a bayanta akwai ɗan rami da idan aka danna da tsinke na kimanin daƙiƙa 10 komai zai koma yadda ya fito daga masana'anta. A koya wa ɗalibai ƙa'idar ɗakin gwaji: a rubuta yadda aka tarar da saiti, a canza abu ɗaya tak, a duba sakamako, sannan a matsa gaba. A kuma ja musu kunne cewa shiga na'urar wani ba da izininsa ba cin amana ne, kuma laifi ne a ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015. Ɗalibin da ya koyi wannan zai koma gida ya tsare wa mahaifinsa kuɗi, ya tsare wa ƙannensa ido. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.