Haɗa Kwamfuta: Lissafin Daga Soket Yake Farawa

Wani sabon yayi ya shigo harabar makarantar nan, musamman tsakanin 'yan sashen injiniya, masu zanen gine-gine da 'yan kimiyyar kwamfuta. Kowa so yake ya haɗa kwamfutar tebur da hannunsa: ya sayi furosesa daban, katin hoto daban, ram daban, ya jona su a akwati ɗaya, ya yi aikin makaranta da rana, ya buga eFootball ko Call of Duty da dare. Ni ina goyon bayan wannan yayi ɗari bisa ɗari. Ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha da ya san cikin kwamfutarsa ya fi wanda ya sayi rufaffiya, ko kusa ɗaya bai taɓa kwancewa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda muke zaɓen kayan. Da yawanmu muna kwafo jerin kaya daga bidiyon YouTube na wani Bature da ke zaune a ɗaki mai sanyi, wutarsa ba ta ƙiftawa, in kaya ya lalace ya mayar wa kamfani a canja masa. Mu kuwa babu ko ɗaya cikin ukun nan da muke da shi.

Kuɗin da ake magana a kai ba na wasa ba ne. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, duk wani kayan kwamfuta ya yi tashin gwauron zabo, don da dala ake shigo da shi. Kuɗin da ɗalibi zai zuba a kwamfuta ɗaya sau da yawa adashin uwa ne, ko kuɗin amfanin gona, ko abin da yaya ya matse daga albashinsa. In aka yi kuskure a zaɓe, ba lallai a sake samun dama ta biyu ba kafin a gama HND. Don haka nake ganin ya kamata mu sauya tsarin lissafin.

Tambaya ta farko ba ta da daɗin ji: anya kwamfutar tebur kake buƙata? In a ɗakin kwanan ɗalibai kake, ku shida ko takwas a ɗaki, soket biyu, wuta sai ta ga dama, to malam, laftof ta fi maka. Tana da batirinta, za ka kai ta aji, za ka kai ta wurin SIWES, za ka kulle ta a akwati in za ka fita. Kwamfutar tebur ta dace da wanda ke da tsayayyen wuri, gida ko ɗakin haya mai makulli, kuma yana da wata dabara ta wuta. Ribarta a fili take: a kuɗi ɗaya ta fi laftof ƙarfi, ta fi ta jure zafi, kuma ana canja mata kaya ɗaya bayan ɗaya. Amma in babu wurin ajiye ta, wannan ribar duk ta tashi a banza.

In ka tsallake wannan, to daga soket za ka fara. Haɗin matsakaici, misali Ryzen 5 5600 da katin RX 6600, in ka haɗa da monita yana jan kusan wat 250 lokacin wasa. Awa huɗu kenan ya cinye yunit ɗaya na mita. A watan Afrilun 2024 an kai yunit ɗaya naira 225 ga 'yan rukunin A, ka ga ko kuɗin wutar ma abin lissafawa ne a wata. Shi kuwa RTX 4090 da ake ta yi wa kirari a intanet, shi kaɗai wat 450 yake ci. Ƙaramin janaretan da ke bayan ɗakinka da inbatar gidanku ba su san da wannan zancen ba. Kafin ka tambayi ƙarfin kati, tambayi abin da zai ciyar da shi.

Wannan ya kawo mu ga kayan da kowa ke rainawa, wato fawa saflai, akwatin da ke karɓar wutar bango ya rarraba wa sauran kayan. A nan ɗalibai suka fi matse hannu. Mutum zai zuba dubban ɗaruruwa a katin hoto, sannan ya karɓi fawa saflai mara suna da aka ba shi gyara tare da akwati. Haba! Duk kayan da ka saya a bayansa suke. In ya ƙone, yana iya tafiya da uwar allo da katin gaba ɗaya. Nemi na kamfanin da aka sani, irin su Seasonic, Corsair ko Cooler Master, mai tambarin 80 Plus Bronze ko sama, wat 550 zuwa 650 ga haɗin matsakaici. Tambarin inganci ne na rashin ɓarnar wuta, ba shi ne shaidar ƙarko ba, amma wanda ko shi babu, a bar shi a kanti. Bayan shi sai UPS mai daidaita wuta. Ka lura da lambar da ke jikinsa: mai 650VA abin da yake iya ɗauka a zahiri bai wuce wat 360 zuwa 390 ba. Mintuna kaɗan zai ba ka, kuma su ne kake buƙata, ka adana aikinka ka kashe na'ura cikin mutunci. Duk wanda aka taɓa ɗauke wa wuta yana tsakiyar zanen da ya kwana uku a kai ya san darajar mintunan nan.

Sai furosesa. A nan shawarata ita ce ka buɗe manhajar karatunka kafin ka buɗe jerin wasanni. AutoCAD, a yawancin ayyukansa, da ƙwaya ɗaya ta furosesa yake aiki, don haka saurin ƙwayar ya fi yawansu amfani. Mai tace bidiyo ko mai fitar da hoton gini a Blender shi ne ke cin moriyar ƙwayoyi da yawa. Ga yawancinmu mai ƙwaya shida ya wadatar: Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400. A kula da harafin ƙarshe. Intel mai F, kamar 12400F, ba ya fitar da hoto sai da kati. Ryzen 5 5600 ma haka. Shi kuwa 5600G yana da nasa a ciki, kuma wannan babbar dabara ce ga mai ƙaramin aljihu: ka haɗa kwamfutarka yau babu kati, ka yi karatu, ka buga ƙananan wasanni, in kuɗi sun zo baɗi ka ƙara katin.

Kada sunan i7 ya ruɗe ka. Akwai i7 na shekarar 2012, kuma i3 na ƙarni na 12 ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Ƙarnin ake dubawa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance tana neman Intel na ƙarni na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama, tare da TPM 2.0. Wanda ya sayi tsohuwar kwamfutar ofis mai ƙarni na 4 don araha ya sayi abin da aka riga aka juya wa baya.

Uwar allo kuma dole ta dace da furosesa, babu lallashi a ciki. Ryzen 5000 a soket AM4 yake zama, da allo irin B450 ko B550 da ram DDR4. Wasu tsofaffin B450 sai an sabunta musu BIOS kafin su gane shi, don haka ka tambayi mai kanti ya kunna a gabanka. Ryzen 7000 na AM5 ne, DDR5 kawai yake karɓa. Intel na ƙarni na 12 zuwa 14 a LGA1700 suke, allonsu wani na DDR4 ne, wani na DDR5, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Shafin PCPartPicker kyauta ne, zai nuna maka in kayanka ba su jitu ba tun kafin ka kashe ko sisi. Na san masu cewa a sayi AM5 don gaba. Suna da hujja, domin AM4 tun 2016 yake, ya kusa ƙarshen tafiyarsa. Amma ɗalibin da ke da shekara biyu ya gama, kuɗin da zai ƙara don "gaba" ya fi amfani a ram da UPS na yau.

Ram ɗin kuwa, gigabait 16 shi ne mafi ƙaranci a ganina, 32 ga mai Revit, SolidWorks ko tace bidiyo. Ka sayi sanda biyu maimakon ɗaya, wato 8 da 8 ko 16 da 16, don su yi aiki ta hanya biyu a lokaci guda. Ga mai 5600G wannan ba ƙaramin bambanci yake kawowa ba, tunda hotonsa daga ram yake ɗiba. Wurin ajiya kuma SSD nau'in NVMe, gigabait 500 ko terabait 1. Tsohon hadis mai juyawa a bar shi don ajiyar finafinai da kwafin furojet. Kuma don Allah a riƙa yin kwafin. Kowace shekara sai an ga wani yana zagaye da jajayen idanu saura mako guda a kare furojet.

Yanzu ga katin hoto, inda rabin kuɗin kan tafi. Monitar yawancinmu 1080p ce. A kanta RX 6600 mai gigabait 8, ko RTX 3060 mai gigabait 12, ko RTX 4060 da ke cin wat 115 kacal, duk za su buga EA Sports FC, GTA V da PUBG lafiya lau. In aikinka ya shafi Blender ko koyon ƙirƙirarriyar basira, katin Nvidia ya fi dacewa saboda manhajoji da dama a kan CUDA aka gina su. In wasa ne da zane na yau da kullum, AMD yakan ba da ƙarfi ɗaya a farashi mai sauƙi. Sayen kati mai tsada a jona shi da monita mai 60Hz kamar sayen doki ne a ɗaure shi a turke, gudun yana nan amma ba za ka gan shi ba.

Maganar kayan hannu fa? Ba na cikin masu cewa a guje su. Furosesa da ram ba su cika mutuwa ba, na hannu ma sun yi. Katin hoto ne ke buƙatar ido. A watan Satumban 2022 Ethereum ta daina amfani da haƙa, sai katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya. Ba duka ne suka lalace ba, amma fankokinsu sun gaji. Akwai kuma jabu: tsohon kati da aka canja wa suna a cikinsa, ya riƙa nuna kansa a matsayin sabo. Ko a wace kasuwa za ka saya, kada ka biya sai an jona an kunna. Ka je da GPU-Z a filashinka ya faɗa maka gaskiyar katin, ka sa FurMark ya gasa shi minti goma sha biyar ka ga zafinsa, ka duba lafiyar SSD da CrystalDiskInfo. Mai kantin da ya ƙi yarda a gwada ya riga ya ba ka amsa. A karɓi rasit mai lambar kaya, a kuma yi maganar kwanakin mayarwa tun kafin kuɗi su bar hannu. Fawa saflai dai sabo, wannan ba na sassautawa a kai.

Saura abin da bidiyon ƙasashen waje ba sa ambata: bazara da hunturu. A watan Afrilu zafi a Kano, Sakkwato ko Maiduguri yakan haura digiri 40. Furosesa in ya doshi digiri 95 da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, ka ga ka biya kuɗin ƙarfin da ba ka samu ba. Akwatin gilashi ta ko'ina mai fitilu kala-kala kyan ɗan maciji ne a ɗakin da babu iska. Nemi mai raga a gaba, da fanka biyu masu shigo da iska, ɗaya mai fitarwa, da matatar ƙura da ake cirewa a wanke. Ka ɗora shi a kan tebur, kada ka ajiye a ƙasa. In hunturu ya kama, kowane wata a buɗe a hure. Sanyaya ta ruwa ba dole ba ce ga mai ƙwaya shida, ta iska mai kyau ta isa, kuma ba ta yoyo.

Wani zai ce, to ai kuɗina ne, in na ga dama fitilu zan saya. Gaskiya ne, kuma ba laifi ba ne mutum ya so abu mai kyau, wasan ma ba abin kunya ba ne. Abin da nake cewa kawai, kwamfutar nan tana iya ciyar da mai ita. Akwai masu neman a zana musu fulan na gida, a tace musu bidiyon biki, a tsara musu fosta da katin gayyata, a gina musu shafin intanet. Ɗalibi ko ɗaliba mai na'urar da ba ta mutuwa a tsakiyar aiki shi ake sake kira. Ku ma 'yan uwa mata, wannan fage ba na maza kaɗai ba ne, sukundireba ɗaya da haƙuri ake buƙata.

Ina kuma kira ga ƙungiyar ɗalibai da ƙungiyoyin sassa: a shirya rana ɗaya a kowane zango, a kawo tsofaffin kwamfutoci, waɗanda suka iya su koya wa sababbi yadda ake kwancewa da ɗaurawa. Masu niyyar saye su haɗa kai su je kasuwa tare da wanda ya san kan kaya, a yi ciniki a dunƙule. Kai kuma da ke riƙe da jerin kayanka yanzu, sake rubuta shi daga sama: wuta da UPS, fawa saflai, furosesa da allonsa, ram, SSD, akwati mai iska, sannan katin da ragowar kuɗin za su iya. In an samu canji bayan haka, a sayi fitilun.